Kamfe Ya Shigo Aljihunka: Abin da Ya Kamata Ka Sani Game da Siyasa a Intanet

Idan ka kai shekara arba'in, ka san kamfe tun yana da ƙura. Mota ce za ta shigo unguwa da lasifika a kanta, yara na bin ta a guje, an lulluɓe bangon firamare da fastoci, mawaƙi yana wasa gwaninsa yana yi wa abokin hamayya zambo. Daga baya gidajen rediyo masu zaman kansu suka zo, aka samu sojojin baka, masu shiga shirye-shirye irin su Kowane Gauta na Freedom Rediyo a Kano su kare ubangidansu su ragargaji na wasu. Duk waɗannan suna nan daram. Abin da ya ƙaru shi ne wayar da ke hannunka.

A da, in ɗan takara ya hau duro a bakin kasuwa, abin da ya faɗa kowa ya ji shi tare, ɗan jam'iyyarsa da ɗan adawa, kuma kowa ya ga bakin da maganar ta fito. Yanzu saƙo yakan iske ka kai kaɗai, a kan shimfiɗarka, ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ba ka san wanda ya biya kuɗinsa ba, kuma sau da yawa kai ne za ka kai shi gaba, a cikin datarka.

Me ake nufi da kamfe a intanet?

Intanet hanya ce da ta haɗa wayoyi da kwamfutocin duniya, yadda saƙo zai tashi daga Gusau ya sauka a Jidda kafin ka ƙifta ido. A kan wannan hanya akwai dandali-dandali inda jama'a suke taruwa: Facebook, WhatsApp, TikTok, YouTube, Instagram, da X wanda a da ake kira Twitter. Su ake ce wa kafafen sada zumunta, ko soshiyal midiya. Duk wani yunƙuri da ya biyo ta nan don ya sa ka so wani ɗan takara, ko ka tsani wani, ko ka yanke ƙauna ka zauna a gida ranar zaɓe, kamfe ne. Ka riƙe na ukun nan da kyau. Saƙon da yake ce maka "duk kanwar ja ce, an riga an rubuta sakamako" yana iya fitowa daga mutumin da ya gaji da gaske, yana kuma iya fitowa daga wanda zamanka a gida ne ribarsa.

Abin ya fara jan hankalin duniya a zaɓen Amurka na 2008, lokacin da Barack Obama ya tara magoya baya da gudummawar kuɗi kaɗan-kaɗan ta intanet. A Najeriya kuwa, ranar 15 ga Satumban 2010 Goodluck Jonathan ya sanar da takararsa ta shugaban ƙasa a shafinsa na Facebook, a ranar da Janar Ibrahim Babangida yake taron ƙaddamar da tasa takarar a Abuja. Wancan ya cika fili da jama'a, wannan ya rubuta 'yan layuka, sai ga shi sun raba kanun labarai.

Me ya sa abin da kake gani ya sha bamban da na maƙwabcinka?

Ka taɓa tambayar kanka yadda Facebook da TikTok suke samun kuɗi, alhali ba su taɓa karɓar ko sisi a hannunka ba? Talla suke sayarwa. Gwargwadon daɗewarka kana kallo, gwargwadon tallan da za su nuna maka, gwargwadon kuɗinsu. Don haka suka ƙera wani tsarin lissafi da ake kira algoridim, aikinsa shi ne ya zaɓar maka abin da za ka gani.

Ka ɗauke shi kamar mai shayin da ka saba da shi. Ya san cokali nawa na sukari kake so, tun kafin ka zauna ya haɗa maka. Shi ma algoridim yana lura da kai: bidiyon da ka tsaya a kansa, daƙiƙa nawa ka yi, wanda ka wuce da sauri, wanda ka yi wa sharhi, wanda ka tura wa wani. Gobe sai ya ƙaro maka irinsa. Sai dai shi mai shayi in ya ga sukari na neman yi maka illa yana iya yi maka magana. Algoridim ba ruwansa. Bai san gaskiya ba, bai san ƙarya ba, abin da ya riƙe ka kawai ya sani. Kuma abin da ya fi riƙe mutum shi ne abin da ya fusata shi ko ya tsorata shi. Shi ya sa bidiyon zagi yake yin tashe cikin sa'o'i, bayanin kasafin kuɗi kuma ya kwana da mutum talatin.

Daga nan sai ka wayi gari kusan duk abin da kake gani yana yabon gwaninka, ka ɗauka duk ƙasa tana tare da shi. Maƙwabcinka kuma tasa wayar tana faɗa masa akasin haka, shi ma ya sakankance. Ranar da aka faɗi sakamako, dole ɗayanku ya ce an yi maguɗi, ko an yi ko ba a yi ba.

Akwai kuma talla mai saiti. Wanda zai sa talla a Facebook yana iya zaɓar waɗanda za su gan ta: shekarunsu, maza ko mata, garinsu, harshensu, da abubuwan da suke sha'awa. Ke nan ɗan takara ɗaya yana iya faɗa wa matasan Zariya magana, ya faɗa wa 'yan kasuwar Anacha wata daban, kuma babu ɓangaren da zai ga ta ɗayan.

In kana ganin wannan zancen Turai ne, ga labarin Cambridge Analytica. Kamfani ne na Birtaniya da asirinsa ya tonu a 2018, aka gano an kwashi bayanan masu amfani da Facebook da za su kai miliyan 87 ba da izininsu ba, don aikin siyasa. A cikin tonon asirin ne jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa wani attajirin Najeriya ya ɗauki kamfanin haya gabanin zaɓen 2015, aka kuma yaɗa wani bidiyo mai cike da hotunan zubar da jini don a tsorata mutane da Muhammadu Buhari. Buhari dai ya ci zaɓen, kamfanin kuma ya rufe a 2018. Amma dabarar ba ta rufe ba.

Su wa suke wannan aiki, kuma wa yake biyansu?

Kashi-kashi ne. Akwai masu yi don Allah da son ransu, kuma suna da yawa, kada a raina su. Akwai hadiman da gwamnoni da 'yan majalisa suke naɗawa a fili, a ce mataimaki na musamman kan kafafen sada zumunta. Akwai waɗanda ake yi wa laƙabi da 'yan data, matasan da ake tura wa kuɗin data da ɗan abin sawa a aljihu, su kwana suna yabo da raddi. Akwai masu ɗimbin mabiya, 'yan barkwanci da mawaƙa da 'yan fim, waɗanda kalma ɗaya daga bakinsu takan kai inda motar kamfe ba za ta kai ba. Sai kuma asusun bogi, wato shafukan da mutum ɗaya yake buɗewa da sunaye da hotuna daban-daban, ya yi magana da bakin mutum hamsin don ka ɗauka gari ne ya taru.

Amma a Arewa babban fagen shi ne WhatsApp. Ana tsara zaurukansa kamar yadda ake tsara jam'iyya: na ƙasa, na jiha, na ƙaramar hukuma, na mazaɓa. Saƙo yakan gangaro daga sama da safe, kafin azahar ya shiga zauren 'yan uwa, na tsofaffin ɗalibai, na 'yan kasuwa, har na makarantar Islamiyya. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum har 1,024. Ƙarfin WhatsApp ba a yawan ba ne ma, a amana yake. Saƙon bai zo maka daga jam'iyya ba, daga kawunka ya zo, ko daga abokin da kuka tashi tare. Wa zai tuhumi kawunsa? Ga shi kuma ba sai ka iya karatu ba, saƙon murya ya wadatar.

A watan Janairun 2023 wani binciken BBC ya bankaɗo yadda jam'iyyu suke biyan masu ɗimbin mabiya a ɓoye don su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya, wasu da tsabar kuɗi, wasu da alƙawarin kwangila ko muƙami. A nan ne doka take da giɓi. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ƙayyade abin da ɗan takara zai kashe: naira biliyan 5 ga mai neman shugabancin ƙasa, biliyan 1 ga gwamna, miliyan 100 ga sanata, miliyan 70 ga ɗan majalisar wakilai. Allon talla a bakin titi ana iya ƙirga shi. Kuɗin da aka tura wa ɗan barkwanci cikin dare don ya yi "ra'ayinsa", wa zai ƙirga? TikTok ya haramta tallan siyasa na kuɗi baki ɗaya, amma duk wanda ya leƙa shi a kakar zaɓe ya san siyasa ta cika shi maƙil.

Ba laifi ba ne a biya mutum ya yi talla, ai sana'a ce, maroƙa ma sun yi ta tun kaka da kakanni. Illa dai maroƙi ba ya ɓoye wanda yake yi wa roƙo.

Ni da ba na hawa Facebook fa, ina ruwana?

Ruwanka har wuya. Abin da aka ƙulla a waya ba ya tsayawa a waya. Yaro ɗaya mai babbar waya a majalisa ya isa ya karanto wa mutum goma. Mai shayi ya ji, ɗan acaɓa ya ɗauka, matar aure ta ji a gidan biki, da yamma wani ya buga waya gidan rediyo ya faɗe shi a matsayin labari. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe waya mai shafawa ba za ta je rumfar zaɓe da maganar da aka ƙirƙira a wani ofis a Abuja, tana cewa jikanta ne ya gani da idonsa.

Yaya ake ƙera ƙarya, kuma yaya za ka gane ta?

Ka tuna da Jubril na Sudan? Bayan doguwar jinyar da Buhari ya yi a Landan a 2017, aka baza cewa ya rasu, an sauya shi da wani mai kama da shi. Zancen ya yi ƙarfi har sai da shi da kansa ya fito ya musanta a Disambar 2018, yana ƙasar Poland. Shugaban ƙasa guda ya tsaya yana tabbatar wa mutane cewa shi ne shi.

Mafi yawan ƙaryar ba ta buƙatar wata fasaha. Tsohon hoto ne na rikicin wata ƙasa, a ce jiya ne a Filato. Bidiyon wa'azi ne ko jawabi na minti arba'in, a yanko daƙiƙa ashirin, a jefar da abin da ya zo kafin su da bayansu. Takarda ce mai tambarin hukuma ko na sanannen gidan jarida, alhali a waya aka haɗa ta. Taron Maulidi ko na Idi ne, a ce taron ɗan takara ne.

Sabon abin shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar kwamfuta da take koyon muryar mutum da fuskarsa daga tsofaffin bidiyoyinsa, sannan ta sa shi faɗin abin da bai taɓa faɗa ba. Ana jajibirin zaɓen 2023 aka yaɗa wani sauti da aka ce Atiku Abubakar ne da wasu manyan jam'iyyarsa suke ƙulla maguɗi, masu tantance labarai suka bincika suka ce haɗa shi aka yi. A Janairun 2024 kuma mutanen jihar New Hampshire a Amurka suka riƙa samun kiran waya da muryar Joe Biden tana ce musu kada su fita zaɓen fid da gwani, alhali bai san zancen ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, yanzu ganin ma sai an tantance shi. Wata ɓarnar kuma ta biyo baya: duk wanda aka kama da gaske yana iya cewa na'ura ce ta haɗa.

Ba sai ka zama masani ba kafin ka kare kanka. In saƙo ya zo ya sa jininka ya hau nan take, to a nan ne ya kamata ka dakata, domin don haka aka gina shi. Duba ko akwai sunan wanda ya faɗa, da wuri, da rana. "Majiya mai ƙarfi" ba suna ba ne. In labarin babba ne da gaske, kamar mutuwar shugaba ko janyewar ɗan takara, ba zai yiwu a ce zauren unguwarku ne kaɗai ya samu ba, kunna rediyo ka ji. A WhatsApp, in ka ga kibiya biyu a saman saƙo, alama ce ta cewa ya bi hannuwa da yawa, wanda ya turo maka ma bai san asalinsa ba. Tun 2019 kamfanin ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, saboda irin wannan. Akwai kuma masu aikin tantance labarai, irin su Dubawa da Africa Check da Alkalanci, wanda da Hausa yake aikinsa. Saƙon da ya ƙare da "don girman Allah ka tura wa kowa kafin a goge" kuwa, ni dai ban taɓa ganin na gaskiya a cikinsu ba.

In kai ne ka tura, daga baya ka gano ƙarya ce, ka koma zauren ka faɗa. Da nauyi, na sani. Na taɓa gyara wa wani dattijo a zauren danginmu, sai da aka yi mako ana yi mini kallon marar kunya. Daga baya na koyi bin sa ta bayan fage: "Kawu, wannan kamar tsohon hoto ne, ga inda na gan shi." Shi da kansa ya goge.

Shin talaka ya taɓa cin ribar wannan abu?

Ya ci, kuma bai kamata tsoron ƙarya ya rufe mana ido ba.

Misalin da ya fi taɓa ni shi ne na Bagega, wani ƙauye a ƙaramar hukumar Anka ta jihar Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma daga haƙar zinare tana kashe yara a yankin, sama da 400 suka rasu. An share gubar a wasu ƙauyuka, Bagega ta yi ta jira, domin kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alƙawari ba su fito ba, likitocin ƙungiyar MSF kuma ba za su iya fara magani ba sai an share ƙasar, in ba haka ba yaro zai warke ya koma cikin gubar. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa wani yunƙuri mai suna Follow the Money, suka je ƙauyen, suka ɗauko hotuna da bayanai, suka ɗora a intanet da maudu'in #SaveBagega. Wannan alamar ta # tana tattara duk maganganun da aka yi a kan abu ɗaya wuri guda, yadda za a ga yawansu. A Janairun 2013 aka saki kuɗin.

Ka dubi abin da ya sa ya yi aiki. Buƙata ɗaya ce, bayyananniya. An san ofishin da kuɗin suka maƙale. Akwai waɗanda suka taka da ƙafarsu suka je wurin. Intanet ta ƙara wa muryarsu amo ne kawai.

Haka yunƙurin rage shekarun takara da ƙungiyar YIAGA ta jagoranta. An yi ta yi a intanet, amma an bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, an bi majalisun jihohi. Ranar 31 ga Mayun 2018 aka sa wa dokar hannu: shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na majalisar wakilai da majalisun jihohi daga 30 zuwa 25. Maudu'in #BringBackOurGirls ya kai labarin 'yan matan Chibok duniya a 2014. Zanga-zangar #EndSARS ta Oktoban 2020 a waya aka shirya ta, a waya aka tara mata kuɗi, har aka sanar da rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga watan, kuma harbin da aka yi a Lekki ranar 20 ga watan an nuna shi kai tsaye a Instagram. A Arewa an yi #SecureNorth da #NorthIsBleeding a kan kashe-kashe da satar mutane. Sun tayar da ƙura, amma matsalar ba ta da ofishi ɗaya da za a tsare a ce sai ya sa hannu, shi ya sa ƙurar takan lafa abin yana nan.

Akwai wanda ya fi kusa da kai. Ƙungiyar BudgIT tana da wani shiri mai suna Tracka, da yake wallafa ayyukan mazaɓu da aka sa a kasafin kuɗi. Kana iya ganin an ware kuɗin rijiyar burtsatse ko ajujuwa a garinku, ka je ka duba, ka ɗauki hoton filin da babu komai. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba ka damar rubuta wa ma'aikatar gwamnatin tarayya ka nemi bayani, ta ba ta kwana 7 ta amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma takardar da aka buga wa hatimin karɓa, in aka ɗora hotonta, ta fi zagi ɗari nauyi.

Yawan mabiya yana kawo ƙuri'a?

Yana kawowa, amma ba kamar yadda masu shi suke zato ba. Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya nuna fuska biyun. Peter Obi ya fito a jam'iyyar da ba ta da gwamna ko ɗaya, matasa suka ɗauke shi a intanet, ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, ya ci Legas da Abuja. Wanda ya ce soshiyal midiya ba ta da rumfar zaɓe, ranar ya ji kunya. Amma a Kano bai kai ƙuri'a 30,000 ba, inda Rabi'u Musa Kwankwaso ya samu kusan miliyan ɗaya da jar hula da tsarin da ya ratsa kowace mazaɓa. Bola Tinubu ya ci da miliyan 8.79, Atiku yana bin sa da miliyan 6.98.

Ga lissafin da ya fi ba da mamaki. Mutum miliyan 93.4 ne suka yi rajista, kusan kashi 40 cikin 100 matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. Waɗanda suka fito ba su wuce kashi 27 cikin 100 ba, mafi ƙaranci tun 1999, a zaɓen da aka fi kowanne surutu a waya. Gaskiya ƙarancin takardun naira da na man fetur a lokacin sun taimaka. Duk da haka, danna alamar so daƙiƙa ɗaya ce, karɓo katin zaɓe da tsayuwa a rana kuwa yini ne.

Me BVAS da IReV suke yi?

Ana yawan haɗa su, alhali aikinsu daban. BVAS na'ura ce mai kama da babbar waya, tana tantance ka da zanen yatsa ko fuska, don a tabbatar kai ne mai katin. Ba da ita ake jefa ƙuri'a ba, har yanzu takarda ce da dangwale. In an gama ƙirga a gaban jama'a, sai a rubuta sakamako a takardar EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da BVAS a tura shi IReV. Shi IReV shafin hukumar zaɓe ta INEC ne a intanet inda kowa zai iya buɗewa ya ga hoton sakamakon kowace rumfa, kuma a 2023 rumfunan sun kai 176,846.

A ranar zaɓen shugaban ƙasa hotunan ba su hau a kan lokaci ba. INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, 'yan adawa suka ce da walakin. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta yanke cewa IReV wurin kallo ne, ba wurin tattara sakamako ba, don haka rashin ɗorawa bai isa ya soke zaɓe ba. Ma'ana, a ƙarƙashin dokar 2022, takardar da aka sa wa hannu a rumfarku ita ce hujja.

Me abin zai ci maka?

Na farko data, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Duk bidiyon kamfe da ka kalla ka tura, kai ka biya kuɗin dakonsa.

Na biyu bayananka. A kakar zaɓe ne ake baza saƙon "ɗan takara wane yana raba data kyauta" ko "cike fom na tallafi", a nemi lambar NIN, BVN, ko lambar katin zaɓenka. Wasu 'yan damfara ne tsagwaronsu, wasu kuma jerin sunaye suke tarawa don cinikin ƙuri'a. Akwai dokar kare bayanan jama'a tun Yunin 2023, amma abin da ka miƙa da hannunka da wuya ya dawo.

Na uku, kana iya kwana a caji ofis. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an sha amfani da shi a kan 'yan jarida da masu suka. A Nuwambar 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu 'yan TikTok biyu bulala 20 da tarar naira 10,000 kowanne, saboda bidiyon barkwanci a kan gwamnan lokacin. A watan ne kuma aka tsare wani ɗalibin jami'a saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan uwargidan shugaban ƙasa, sai da jama'a suka yi caa aka janye ƙarar. A ganina hukuncin ya yi tsauri, kuma mai riƙe da muƙami ya kamata ya fi kowa faɗin ƙirji. Amma ka san bambanci: "an ware miliyan kaza, ga hoton wurin, ba a yi aikin ba" suka ce mai hujja. "Wane ɓarawo ne" zargi ne da za a ce ka tabbatar a gaban alƙali. Kuma "turo mini aka yi" ba ta cika fitar da mutum ba.

Sannan mai mulki yana iya toshe hanyar gaba ɗaya. Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Buhari, daga baya kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka. A Nijar an katse intanet ta waya kusan kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021. A Chadi an toshe kafafen sada zumunta wata 16, daga Maris ɗin 2018 zuwa Yulin 2019. In an yi haka, ba 'yan siyasa kaɗai suke ji ba, mai POS da mai sayar da atamfa a WhatsApp sun fi su ji.

Ranar zaɓe fa, me zan yi da wayata?

Tun kafin ranar, shiga shafin INEC ka tabbatar da sunanka da rumfarka, domin an ƙirƙiro sababbin rumfuna a 2021 an kuma sauya wa wasu wuri. Ka sani cewa a dokar 2022 kamfe yana tsayawa sa'o'i 24 kafin ranar zaɓe, amma a wannan daren ne ake sakin ƙarya mafi muni, irin su "wane ya janye" ko "an ɗage zaɓe", saboda an san babu lokacin musantawa. Sanarwar ɗage zaɓe daga INEC kaɗai take fitowa, kuma kowane gidan rediyo zai ɗauka.

Kada ka shiga da waya cikin akurkin da ake dangwala ƙuri'a. INEC ta hana, saboda masu sayen ƙuri'a hoton takardar suke nema kafin su biya. Bayan ka jefa, kana da damar tsayawa nesa kaɗan cikin natsuwa har a ƙirga. In jami'in zaɓe ya liƙa sakamako a bango, ɗauki hotonsa yadda sunan rumfar da lambarta da alƙaluman za su fito sarai, kada yatsanka ya rufe wani gefe. Ajiye asalin hoton a wayarka, kada ka dogara da wanda ka tura a zaure, domin turawa tana rage masa kyau. In na IReV ya hau, sai ka buɗe ka gwada su, layi bayan layi.